Yadda zaka yi aiki da alƙaluma a shago, a talla da kuma binciken unguwa

In ka zaga Kantin Kwari ko kasuwar Singa kana tambayar mutane ya kasuwa, amsar kusan ɗaya ce, "Alhamdulillahi, amma fa ba ciniki." To tambayi mutum da nawa cinikin ya ragu, tun yaushe ya fara raguwa, wane kaya ne ya yi kwantai wanne ne yake tafiya, anan zaka ga ya ɗaga kai sama yana lissafi da ka. Ba wai bai san sana'arsa bane, ya santa ciki da bai, abin shine kai yana riƙe ranar da aka yi babban ciniki da ranar da aka wuni ko sisi ba a gani ba, sauran ranakun kuwa, waɗanda sune ainihin kasuwar, sai su bi iska. Wannan jagorar na yi ta ne saboda mai shago, da Hajiyar dake saida atamfa da turaruka ta WhatsApp, da ɗalibi ko ma'aikacin ƙungiya da aka tura unguwa ya cike fom. Lambobin shago da zan kawo duk misali ne don lissafin ya fito fili, na gwamnati da na tarihi kuwa na gaske ne.

Mataki na farko: tambaya guda ɗaya tak

Kar ka fara da tara bayanai, fara da abinda kake son sani. Kuma tambayar ta zama wadda in ka samu amsarta akwai abinda zaka canza gobe da safe. "Ya kasuwata take" ba tambaya bace. "Cikin kaya goman da nake sarowa wanne ne yafi dawo min da kuɗina da wuri" tambaya ce, saboda amsarta ce zata faɗa maka inda zaka zuba jari a sari na gaba. Haka "tallan da nake biya a Facebook yana kawo masu saye ko masu tambayar farashi kawai", haka "matan unguwar nan zasu sayi garin kunu a leda ko sun fi son su yi surfensu da kansu". Rubuta tambayar a saman shafin farko, in ba haka ba nan da sati biyu zaka tarar kana rubuta abubuwa ashirin da babu wanda zai amfane ka, ka gaji ka watsar.

Mataki na biyu: littafi

Littafin makaranta mai ganye tamanin da biro sun isa a fara. In kana da waya mai kyau ka sauke Google Sheets ko Excel, sun fi sauƙi wajen tarawa, amma wanda zaka iya riƙewa kullum shine naka. Ƙa'idar itace kowane ciniki layinsa daban, kowane bayani kuma da gidansa: kwanan wata, sunan kaya, guda nawa, nawa ka saro, nawa ka sayar, tsaba aka biya ko tiransifa ko bashi, sabon kwastoma ne ko tsoho, sai kuma ta ina ya san ka. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi alhali tambaya ce ta daƙiƙa biyu, "Hajiya a ina kika ga kayanmu?", ta ce a sitatus ɗin ƙawarta, ka rubuta, shikenan.

Abinda yake ɓata littafi ba ƙarya bace, rashin daidaito ne. Yau ka rubuta "atamfa", gobe yaron shago ya rubuta "atanfa", jibi wani ya rubuta "zani", ranar da ka ce kwamfuta ta tara maka sai ta ɗauke su kaya uku daban-daban. Ku zauna ku tsaida suna ɗaya ga kowane kaya. Ma'auni ma haka, in da turmi kake ƙirga atamfa ka tsaya a turmi, shadda da yadi, hatsi kuwa ka rubuta ko kwano ne ko tiya ko buhu, kuma ka sani kwanon wani gari ba lallai ya zo ɗaya da na wani garin ba, don haka in zaka kwatanta farashin Dawanau da na Maraɗi ka nemi sikeli ka maida komai kilo, kuɗin ma ka maida sefa naira da canjin ranar.

Sai abubuwan da ake mantawa. Kuɗin mota da na ɗan dako, la'adar dillali, kuɗin leda, man janareto, datar da kike saye don ɗora hotuna, cajin da ake cira a POS, da kayan da aka ɗauka aka kai gida ko aka ba ɗan'uwa kyauta. Duk su shiga, a shafi daban in kana so. Bashi kuma ka rubuta shi a matsayin bashi har ranar da kuɗin ya shigo hannu, kafin alƙalami ma haka, ka rubuta abinda aka bayar da cikon da ya rage. Ranar da ba a yi ciniki ba kar ka tsallake ta, rubuta sifili, in ma rufe shagon ka yi ka je biki ko ta'aziyya ka rubuta a gefe, don ranar da aka buɗe ba a sayar ba daban take da ranar da ba a buɗe ba.

In baka taɓa rubutu ba kar ka ce baka da komai. Asusunka na banki ko OPay ko Moniepoint yana ajiye da tarihin duk alat ɗin da ya shigo, sauke na wata shida ka ware na kasuwa da na gida, ga hirarrakin WhatsApp, ga rasit ɗin sari. Da waɗannan ma zaka iya fara ganin hoton abin.

Mataki na uku: lissafi huɗu da zasu ishe ka

Na farko matsakaici, wato ka tara duka ka raba da yawansu. Kowa ya iya wannan, amma yana da tarko. Ka ɗauka cinikin sati ɗaya ya zo haka: 40,000, 35,000, 45,000, 38,000, 42,000, 300,000, 50,000. Wancan 300,000 ɗin ranar Asabar ce wasu suka zo haɗa lefe. Jimla 550,000, in ka raba bakwai zai baka kusan 78,600 a rana, kaga in ka ɗauki wannan ka je ka kama shago na biyu ko ka shiga adashin dubu ashirin kullum ka jefa kanka a wahala, don babu ranar da ta yi kama da 78,600 a satin nan. Shi yasa ake da lissafi na biyu, adadin tsakiya: jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki wanda ya faɗo tsakiya. 35, 38, 40, 42, 45, 50, 300, na tsakiya 42,000 ne, kuma shine gaskiyar ranar yau da kullum a shagon. A Excel ko Sheets AVERAGE shine na farko, MEDIAN na biyu. Duk sanda ka ga sun yi nisa da juna to akwai wata lamba ƙatuwa da take jan lissafin, nemo ta ka ga ko kuskuren rubutu ne, sifili ɗaya ya ƙaru, ko kuwa da gaske ne. In da gaske ne kar ka goge, ware ta gefe, wataƙila ma cinikin lefe wani layin kasuwa ne da ya kamata ka bi da kansa.

Na uku kaso cikin ɗari, kuma anan ne ake yawan faɗuwa. Kin saro kaya 8,000 kin sayar 10,000, riba 2,000. In kika auna da kuɗin sari kashi 25 ne, in kika auna da kuɗin sayarwa kashi 20 ne, duka daidai ne amma dole ki san wanne kike magana a kai. Ga inda yake ciwo: kina cewa ribata kashi 25 ce, bari in yi ragin kashi 20 na sallah in tsira da biyar, to kashi 20 na 10,000 dubu biyu ne cif, kin sayar a 8,000, kin koma kan uwar kuɗi, kuɗin mota ma daga aljihunki ya fita. Kullum ki tambayi kanki kaso na mene ne.

Na huɗu, wanda a ganina yafi duka amfani ga mai ƙaramin jari, shine saurin juyawar kaya. Leshi ɗaya na 60,000 da zai baki ribar 15,000 yana da daɗin faɗa, amma in sai ya yi wata uku a rataye kafin ya fita, ki kwatanta shi da hijabai ashirin na dubu uku-uku, jarin ɗaya ne 60,000, ribar kowanne 500 kacal, amma suna ƙarewa duk sati biyu. Dubu goma kenan a kowane zagaye, a wata uku kin zaga kamar sau shida, 60,000 kenan a inda leshi ya baki 15,000. Ba cewa nake ki daina leshi ba, wani lokacin shine yake janyo manyan kwastomomi shagon, amma ki san me kike biya don ajiye shi. Ki jera kayanki daga wanda yafi kawo riba a wata zuwa na ƙarshe, sau da yawa zaki tarar 'yan kaya ƙalilan ne suke ɗauke da shagon, sauran suna cin wuri ne kawai.

Mataki na huɗu: kwatanta lokaci da lokacin da ya dace

Anan kasuwarmu take da nata sirrin da manhajojin waje basu san da shi ba. Su watan Maris na bana suke haɗawa da Maris na bara, mu kuwa azumi da sallah ne suke juya ciniki, kuma suna matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2023 an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Kaga mai saida suga, gero, dabino ko ƙanƙara in ya haɗa Maris ɗin 2025 da na 2023 zai ga kamar kasuwarsa ta yi tashin gwauron zabi, alhali wancan kwana tara kawai na azumi ya samu, wannan kuwa kusan duk watan. Don haka ka ƙara gida ɗaya na kwanan watan Musulunci, ka riƙa haɗa goman farko na azumi da goman farko na bara, satin jajibirin sallah da takwaransa. Mai hatsi kuma kaka da kaka, bazara da bazara, tunda kowa ya san farashi yana sauka in sabon amfani ya shigo ya kuma hau in damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. A cikin wata ma, satin da aka yi albashi ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba.

Sai hauhawar farashi. Bara ka yi cinikin miliyan ɗaya a wata, bana miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ka ce na ƙaru da kashi 20. Tsaya tukuna. In turmin da kake sayarwa 10,000 bara ya koma 13,000 bana, to bara turmi 100 ka sayar, bana kuwa 92 da ɗan wani abu. Kuɗi ya ƙaru, kaya sun ragu. Shi yasa nake cewa ka riƙa ƙirga guda nawa suka fita ba naira nawa suka shigo kaɗai ba.

Kuma ka ajiye shafi ɗaya na abubuwan da suka faru. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 lokacin canjin naira, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, rufe boda, gobarar kasuwa, gyaran titin gaban shagonka. Watannin da irin haka ta faru ba a ɗaukarsu ma'auni.

Mataki na biyar: talla

Masu kallon sitatus da masu danna alamar so ba sune kasuwa ba, suna da daɗi a ido kawai. Abinda zaka bi shine jerin nan: mutum nawa suka gani, nawa suka yi magana, nawa suka biya, nawa suka dawo karo na biyu. Facebook da Instagram zasu nuna maka na farko kyauta in asusunka na kasuwanci ne, har da garuruwa da shekarun masu kallo, sauran kuwa kai zaka ƙirga, kuma WhatsApp Business yana da tambarin da zaka liƙa wa kowace hira, wannan ya tambaya, wannan ya biya, wannan ana binsa ciko.

In kana son sanin wane talla ne yafi, gwada biyu a lokaci ɗaya, kuɗi ɗaya, mutane iri ɗaya, ka canza abu guda kacal. Misali hoto ɗaya ne, amma ɗaya ka rubuta farashi a jiki ɗaya baka rubuta ba. Ka sa 5,000 a kowanne. Wanda babu farashi ya kawo saƙo 60, mutum 3 suka saya, mai farashi ya kawo saƙo 25, mutum 5 suka saya. Da ido zaka ce na farko ya yi kasuwa, wayarka bata huta ba, amma raba kuɗin da masu saye: na farko kowane kwastoma ya ci maka kusan 1,670, na biyu 1,000, ga kuma wunin da ka ɓata kana amsa "nawa ne" ga mutum 57 da basu sayi komai ba. Sai dai fa 3 da 5 lambobi ne ƙanana, sa'a kaɗai tana iya kawo wannan bambancin, maimaita gwajin sau biyu ko uku kafin ka ce ka gano wani abu. In ka canza hoto da rubutu da farashi da lokacin ɗorawa duk a tare, ko ciniki ya ƙaru bazaka san wanne ne ya yi aikin ba.

Kuma don abu biyu sun faru tare ba shine ɗaya ya jawo ɗaya ba. Ka biya mai mabiya da yawa ta tallata maka ranar 28 ga wata, ciniki ya tashi, ka ce ita ce, alhali albashi ne ya shigo. Hanyar rabewa mai sauƙi: ba kowane mai talla wata kalma ta daban da kwastoma zai faɗa a yi masa ɗan ragi, sai ka ƙirga.

Mataki na shida: in sai ka fita ka tambayi mutane

Wani abin babu shi a littafinka, kamar dalilin da yasa waɗanda basa zuwa shagonka basa zuwa, ko in bincike ne na makaranta ko na ƙungiya akan ruwan sha, rigakafi, karatun yara mata da sauransu. Nan sai an yi tambayoyi, kuma nan ne aiki yafi lalacewa.

Fara da wa zaka tambaya, don ya fi mutum nawa zaka tambaya muhimmanci. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan goma kafin zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan biyu suka dawo, ta ce Landon ne zai kada Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su yawanci daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso, wato masu hali, kuma waɗanda suka ga damar maido da takardar ma ba irin sauran jama'a bane. Wani mai binciken jin ra'ayi, George Gallup, da mutanen da basu kai ko kusa da wannan yawan ba ya faɗi wanda zai ci daidai. Irin wannan kuskuren ne muke yi kullum in muka tura fom a gurup ɗin WhatsApp muka ce "ra'ayin matan Kano", alhali ra'ayin ƙawayenki ne masu babbar waya da data da iya karatun boko. Duba yadda ɗan hatsi yake yi a Dawanau, baya yarda da abinda aka zuba a bakin buhu, sai ya soka ɗan ƙarfen nan sama da tsakiya da ƙasa, kuma ba buhun da mai kaya ya nuna masa kaɗai ba. Haka zaka yi da unguwa: raba ta shiyya-shiyya, bakin titi da cikin lungu, ka zaɓi inda zaka fara da ƙuri'a, sannan ka riƙa shiga kowane gida na biyar ko na goma, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. In ba kowa ka rubuta ka dawo wani lokacin, kar ka maye gurbinsa da maƙwabcin da ka tarar a zaune a ƙofa, don masu zama a gida da hantsi daban suke da waɗanda suka fita nema.

Mutum nawa? In zaɓen waɗanda zaka tambaya ya tafi daidai, mutum 100 zasu baka amsar da zata iya kaucewa da kamar maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 kamar maki 5, dubu ɗaya da 'yan kai kamar maki 3. Lura, don ka rage kuskuren da rabi sai ka ninka mutanen sau huɗu. Kuma abin mamaki girman garin bai cika shiga lissafin ba matuƙar yana da yawa, ɗari huɗun da zasu yi maka a ƙaramar hukuma ɗaya sune zasu yi a jiha in an watsa su yadda ya kamata. Ma'anar wannan a aikace, in ka tambayi mutum 100, 55 suka ce leda 45 suka ce roba, baka da hurumin cewa leda ta yi nasara, kunnen doki ne. In 80 da 20 ne to wannan magana ce. Ga mai ƙaramar sana'a da yake son ya ji bakin mutane kawai, ko talatin zuwa hamsin zasu buɗe maka ido, kar dai ka je kana rubuta kaso kaza na al'umma.

Sai su tambayoyin. Mutanenmu suna da kara, in kika miƙa wa mace turarenki kika ce "Anti zaki saya?" zata ce in sha Allahu, ya yi ƙamshi, ko da kuwa bata da niyya. Tambayi abinda ya riga ya faru: yaushe rabon da ki sayi turaren wuta, a ina, nawa kika biya. Kar tambaya ta nuna amsar da kake so, "ai kin yarda ruwan rijiya yana sa cuta ko" ba tambaya bace, huɗuba ce. Kar ka haɗa biyu a ɗaya, "kayanmu suna da kyau da araha?" in ya ce a'a baka san wanne yake nufi ba. Kuɗin shiga kuwa da wuya a faɗa maka gaskiya, wani yana tsoron haraji, wani yana zaton rajistar tallafi kake yi sai ya rage, gara ka tambayi abinda ake kashewa, kamar cefanen jiya nawa ne, kuma ka faɗa tun farko cewa babu rabon komai bayan wannan. Shekaru ma zaka ga sun taru a 30, 35, 40 saboda mutane kintata suke yi, don haka yi musu rukuni, 25 zuwa 34, 35 zuwa 44. Rubuta tambayoyin da Hausa tun asali, in ka bar su da Turanci kowane mai tambaya zai fassara yadda ya ga dama, ka tashi da tambaya biyar a madadin ɗaya. Kafin ka fita gwada su akan mutum goma, duk inda aka ce "me kake nufi" to gyara ake nema.

Shiga unguwa kuma da ladabinta. A fara gaida mai unguwa ko dagaci a yi masa bayani, gidajen da maza basa shiga a tura mata, kuma in miji ko uwar miji na zaune a wurin ka sani amsar da matar zata bayar ba lallai ta zama tata ba. A nemi yardar mutum, wanda ya ce baya so a yi masa godiya a wuce. Suna da lambar waya in ba dole ba kar a karɓa, in an karɓa kar a ba wani ko a fara tura musu talla, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ko babu doka ma amana ce.

Kayan aiki: Google Forms kyauta ne amma sai da intanet. In ƙauye za a shiga KoboToolbox ya fi, ka tsara fom ɗin a kwamfuta, masu tambaya su sauke KoboCollect a wayar Android, su cike ba tare da netwok ba, in sun dawo gari su tura. Kunna masa ɗaukar wuri da lokacin farawa da gamawa, da shi zaka kama wanda ya zauna gindin bishiya ya cike fom ashirin shi kaɗai, don zaka ga hirar minti ashirin an gama ta a minti biyu kuma duk a wuri ɗaya. Duba abinda ya shigo kowane dare, ba sai an gama aikin an sallami mutane ba.

Da amsoshi sun taru, ƙirga kowace tambaya ita kaɗai tukuna, sannan ka tsaga: maza da mata, masu aure da marasa aure, bakin titi da lungu. Yawanci a tsagin ne labarin yake fitowa. Amma kula, in ka tsaga mutum 100 gida takwas wani gidan mutum bakwai ne zasu rage a ciki, kar ka ce kashi 43 cikin ɗari, ce 3 cikin 7.

Mataki na bakwai: alƙaluman gwamnati

Akwai su kyauta kuma ba a cika amfani da su ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton hauhawar farashi duk wata, da na farashin kayan abinci da na mai da na kuɗin mota, har jiha-jiha. Mai binciken lafiya ko iyali ya nemi binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, wato NDHS, na 2018 da wanda ya biyo bayansa na 2023 zuwa 2024, da binciken halin da mata da yara suke ciki, wato MICS, na 2021. A Nijar akwai tasu hukumar ƙididdigar, INS, ga kuma SIMA mai bin farashin kasuwannin amfanin gona. Amma ka karanta yadda aka samo lamba kafin ka ɗauke ta. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya 2006 aka yi ta, ta ba ƙasar mutum miliyan 140, jihar Kano kamar miliyan 9.4, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage, don haka duk adadin da kake ji yau ƙiyasi ne aka ɗora akan wancan. Ta Nijar ta 2012 ta ba da kamar miliyan 17.

Ga misali biyu da suka rikita mutane da yawa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024, sai ga ta Janairun 2025 ta fito 24.48, wasu suka ce kaya sun sauko, alhali hukumar NBS ce ta sabunta ma'aunin, ta maida shekarar tushe, wato shekarar da ake auna farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024 ta kuma sake nauyin da take ba kowane kaya a lissafin. Kuma ko da adadin ya ragu da gaske, ma'anarsa farashi yana hawa a hankali ne, ba saukowa yake ba. Haka rashin aikin yi, kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai 4.1 a farkon 2023, ba ayyuka aka samar ba, a tsohon lissafi wanda baya yin awa ashirin a sati marar aiki ne, a sabon kuwa ko awa ɗaya ka yi na neman kuɗi ka shiga cikin masu aiki. Lambar kafin canji da ta bayan canji ba a ɗora su a zane ɗaya kamar abu guda. Duk lambar da zaka saka a rahoto ko takardar neman jari, rubuta wa ya fitar da ita da shekarar a gefenta.

Mataki na takwas: yanke shawara ka sa ranar dubawa

Koma kan tambayar da ka rubuta a shafin farko ka amsa ta da jimla ɗaya, ƙarƙashinta ka rubuta abu ɗaya da zaka canza, nawa zaka sa a ciki, da ranar da zaka dawo ka duba. Misali: daga sarin wannan Litinin zan rage leshi daga guda shida zuwa uku, kuɗin in ƙara hijabai, in duba ribar wata ranar 30, in bata haura ta watan jiya ba in koma yadda nake. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma da kuɗin da in ya tafi bazai karya ka ba. Ware rabin awa duk ranar Juma'a da yamma ko duk ranar da shago yafi sauƙi ka tara na satin, ka ƙirga kayan da suka rage a kanta ka haɗa da abinda littafi ya ce ya kamata ya rage, in basu zo ɗaya ba ka nemo inda giɓin yake tun satin bai wuce ba.